Warin Fas a Northampton

Barira, kar ki buɗe tagar tukuna.
Na san kicin ya ɗauki wari,
na ga kin toshe hanci da hannun riga.
Bar jakar a buɗe. Zauna.
Ruwan nan ba mai ɗaukewa ba ne yau,
tun daga Stansted yake bina kamar mai bin bashi.

Shekara goma sha tara ina yankan fata
a masana'antar takalma, bayan titin Kettering,
fata mai ladabi, mai lamba a gefe,
wadda ta manta ta taɓa zama akuya.
Can Sam suke kirana.
Sama'ila ya yi musu tsawo,
ni kuma ban taɓa ce musu ɗan majemi ne ni ba.
Ke ma rabin zancen na ba ki.

Arhar tikiti ce ta kai ni Fas,
kwana huɗu, in huta, in ɗauki hoto.
Ta shuɗiyar ƙofa na shiga,
gari ya haɗiye ni kamar loma.
Lungu na haihuwar lungu,
wani sai ka karkata kafaɗa ka wuce.
Wayata ta ce juya, ta sake cewa juya,
na kashe ta, na jefa aljihu.
Alfadari ɗauke da tukwanen gas
ya manna ni da bango, mai shi na ta ihu,
maƙeran tagulla na ta ƙwanƙwasa hantsi.

Sai hancina ya tsaya kafin ƙafata.

Wani yaro ya miƙo mini na'ana'a
in kare numfashi kamar sauran baƙi.
A hannu na riƙe ta har ta yi yaushi.
Daga kan soro na leƙa:
ramuka jere kamar gurbin dara,
fari, ja, ruwan ɗorawa,
maza tsundum har cinya suna tattakawa.
Barira, kakanki na gani.
Ba fuskar ba. Sunkuyon.
Yadda Malam Tanko yake lanƙwasa baya
a kan kwatarniyar bagaruwa,
ni ina gefe ina jin kunyar warinsa
don 'yan ajinmu sun ce ina ɗoyin jima.

Na sauka, ba da izinin kowa ba.
Wani tsoho, Sidi Larabi, ya tare ni.
Larabcina na sallah ne, nasa na ciniki,
muka yi ta kallon juna.
Sai ya ɗora mini ɗanyar fata a hannu.
Babban yatsana ya nemo gefen wuya da kansa,
ya murza, ya ja, ya saki.
Tsohon ya daina kallon takalmina mai tsada,
ya koma kallon yatsun.
Na ce Kano.
Ya maimaita a hankali, ya nuna kudu da haɓa,
kamar unguwa ce a bayan masallaci.

Kakanki kan ce fatarmu ta riga mu tafiya:
raƙumi ya ɗauka, rairayi ya haɗiye sawu,
ta isa Turai da sunan wani gari.
Ina jin sa, ina ɗauka tatsuniya ce.
Ashe hanyar na biyo, Barira,
ni ma da sunan da ba nawa ba.

Ban yi ciniki ba, abin da ya faɗa na biya.
Ga ta nan, ja kamar an tsoma a karan dafi.
Mai duba kaya ya yamutsa fuska, ya ce wuce.

To, buɗe tagar in kin matsu,
maƙwabta su sha nasu rabon.
Amma kafin nan ɗauko jaridar can ki shimfiɗa,
ki ba ni fensir.
Cire safa.
Taka nan, in zana ƙafarki.